Fashin Baƙi: Shin Magadan Gari Za Su Iya Kashe Wutar Siyasar Gaba a Amurka?

Daga ranar 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, 2025, gwamnatin tarayyar Amurka ta yi kwana 43 a rufe, saboda 'yan Republican da 'yan Democrat a majalisar dokoki sun kasa daidaitawa kan kuɗin gudanar da gwamnati. Kafin lokacin ba a taɓa yin rufewa mai tsawon haka ba a tarihin ƙasar. Ma'aikata masu ɗimbin yawa suka zauna babu albashi, aka soke tashin jirage, tallafin abincin da mutum sama da miliyan 40 suka dogara da shi ya shiga halin ƙila-wa-ƙala. Amma duk tsawon waɗannan makonni motocin shara suna zagayawa unguwanni, famfo bai ɗauke ba, 'yan kwana-kwana suna fita idan gobara ta tashi. Waɗannan ayyuka na hukumomin birane ne, su kuwa ba su rufe ba.

Wannan ya sa wata magana take ƙara yawo a bakin masu sharhi a can: tun da Washington ta gaza, a koma ga magadan gari, domin su ne suka iya aiki da kowa ba tare da tambayar jam'iyyarsa ba. Shin haka abin yake? Idan haka ne, halin kirki ne ya sa, ko akwai abin da ke tilasta musu? Kuma zaman lafiyar da ake samu a cikin birni yana iya haurawa sama ya gyara siyasar ƙasa?

Wace cuta ake neman maganinta?

Saɓanin ra'ayi daban, gaba daban. Jam'iyyu biyu su yi jayayya kan haraji ko kan shigowar baƙin haure, wannan ita ce siyasa, babu aibi a ciki. Abin da ya addabi Amurka shi ne magoya bayan ɓangarorin biyu sun kai matsayin da ba sa ga-maciji. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2022 cewa kashi 72 cikin 100 na 'yan Republican suna kallon 'yan Democrat a matsayin mutanen da suka fi sauran Amurkawa rashin ɗa'a, yayin da kashi 63 na 'yan Democrat suke yi wa 'yan Republican irin wannan kallo. A 2016 alƙaluman kashi 47 ne da kashi 35. Cikin shekara shida ke nan. Wanda ka riga ka yanke cewa mugu ne, zama da shi a teburi ɗaya ya zama cin amana a idon mutanenka.

Dalilan suna da yawa: tashoshin talabijin da suka rabu gida biyu, kafafen sada zumunta da suka fi yaɗa maganar da ke tunzura mutane, da yadda mazauna manyan birane suka karkata ga Democrat, mazauna karkara kuma ga Republican. Sai dai akwai dalili guda da ya kamata a riƙe, domin shi ne mabuɗin wannan batu: zaɓen fid da gwani. Daga cikin kujeru 435 na majalisar wakilai, waɗanda ake gwabzawa a kansu da gaske a babban zaɓe ba su kai ɗaya bisa biyar ba. Sauran an san jam'iyyar da za ta ci tun kafin a buga takardar ƙuri'a, wani lokaci saboda yadda aka yanka mazaɓar da gangan. Ke nan ɗan majalisa ba ya tsoron ɗan wata jam'iyya. Tsoronsa ɗan jam'iyyarsu ne da zai fito ya ce ya fi shi tsauri. Masu fitowa zaɓen fid da gwani kuwa ba su cika wuce mutum ɗaya cikin biyar na masu ikon zaɓe ba, kuma 'yan ga-ni-kashe-ni sun fi yawa a cikinsu. Ɗan majalisar da ya sassauta, kujerarsa ya sa a caca.

Me ya sa kujerar magajin gari ta bambanta?

A mafi yawan biranen Amurka ba a rubuta sunan jam'iyya a gaban sunan ɗan takarar magajin gari ko kansila. Wannan tsari ya samo asali ne tun farkon ƙarni na 20, lokacin da masu neman gyara suka gaji da iyayen gidan siyasa irin na Tammany Hall a New York, waɗanda suka mai da aikin gwamnati da kwangila abin rabo ga 'yan korensu. Ɗan takara yana da jam'iyyarsa, kowa ma ya san ta, amma ba ita ce ke tsayar da shi ba. A birane da yawa duk 'yan takara suna shiga akwati ɗaya, kowa da kowa ya zaɓa, idan babu wanda ya haura rabi sai biyun farko su sake karawa.

Akwai wata magana da ake jingina wa Fiorello La Guardia, magajin garin New York daga 1934 zuwa 1945, cewa babu wata hanyar share titi ta Republican ko ta Democrat. Shi ɗan Republican ne, amma ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Shugaba Franklin Roosevelt na Democrat, ya jawo wa birninsa kuɗin tarayya masu yawa a zamanin karayar tattalin arziki. Aikin birni abu ne da ido ke gani. Ramin da ke kan titi ko an cike shi ko ba a cike ba, kuma mai motar da tayarsa ta fashe ba zai saurari bayanin aƙida ba. Ƙari a kan haka, doka ta wajabta wa galibin birane su daidaita kasafinsu kowace shekara. Gwamnatin tarayya tana iya cin bashi ta ɗage rigima zuwa baɗi, birni kuwa dole a zauna a yanke abin da za a yi da abin da za a bari.

Jama'a ma suna ganin bambancin. A binciken da kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ya yi a 2023, kusan biyu bisa uku na Amurkawa sun ce sun amince da hukumar yankinsu, amma waɗanda suka amince da majalisar dokokin tarayya kusan ɗaya bisa uku ne kawai. Magadan garin suna da ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1932, wadda ta haɗa biranen da mazaunansu suka kai 30,000, kuma 'yan jam'iyyun biyu suna shugabantar ta.

Birnin Oklahoma: shekara 30 a kan turba ɗaya

Misalin da ya fi nuna yadda abin ke aiki shi ne birnin Oklahoma, mai mutane kimanin 700,000. Jihar Oklahoma ta 'yan Republican ce ƙwarai: Donald Trump ya lashe duka gundumominta 77 a 2016 da 2020 da 2024. Amma gundumar da babban birnin yake ciki ta rabu kusan biyu daidai, domin a 2020 tazarar da ke tsakanin Trump da Joe Biden a can ba ta wuce kashi ɗaya da 'yan kai ba. Duk wanda zai mulki wannan birni dole ya iya magana da ɓangarorin biyu.

Labarin ya faro ne da wulaƙanci. Faɗuwar farashin mai a shekarun 1980 ta durƙusar da birnin, bankuna suka rushe, matasa suka yi ta ƙaura. A 1991 kamfanin jiragen sama na United yana neman inda zai gina katafariyar cibiyar gyaran jirage. Mutanen yankin har ƙuri'a suka kaɗa suka amince a ƙara musu haraji don a jawo kamfanin, amma ya zaɓi Indianapolis. Dalilin da ya iso kunnen magajin gari na lokacin, Ron Norick, shi ne ma'aikatan kamfanin ba za su so zama a Oklahoma ba. Kogin da ya ratsa birnin ya ƙafe har sai an riƙa yanke ciyawar da ke cikinsa.

Norick ya ce to kuɗin da za a bai wa kamfanin waje, a kashe wa birnin. A watan Disamba na 1993 aka kai wa jama'a shirin da ake kira MAPS: ƙarin harajin sayayya na senti ɗaya a kan kowace dala, na shekara biyar, don ayyuka tara da aka ambata da sunansu. Akwai filin wasa, babban ɗakin karatu, zauren wasanni, madatsun ruwa a kan kogin, da sauransu. Da ƙyar ya tsallake, da kusan kashi 54. Aka tara wajen dala miliyan 350.

Sharuɗɗan shirin su ne abin lura. Harajin yana da ranar ƙarewa. Ba a cin bashi, sai kuɗi sun taru a fara gini, ko da hakan zai jawo jinkiri. Jerin ayyukan yana gaban mai zaɓe kafin ya dangwala. Akwai kuma kwamitin 'yan gari da ke sa ido kan yadda ake kashe kuɗin. Mai ra'ayin riƙau da ya tsani haraji da bashi ya samu abin da zai kwantar masa da hankali, mai son gwamnati ta yi wa jama'a aiki shi ma ya samu nasa. Babu wanda aka ce ya bar aƙidarsa.

Ana cikin haka, ranar 19 ga Afrilu, 1995, wani Ba'amurke mai ƙin gwamnati ya tayar da bam a ginin ofisoshin tarayya da ke tsakiyar birnin, mutum 168 suka mutu, ciki har da yara 19. Mutanen wannan birni sun ga inda ƙiyayyar siyasa take kai mutum idan ta yi nisa, sun binne 'ya'yansu a dalilinta. Ina ganin ba za a fahimci yanayin siyasarsu ba idan aka cire wannan rana.

Da ayyukan farko suka tsaya a ƙasa, gani ya kori ji. A 2001, zamanin Kirk Humphreys, aka amince da zagaye na biyu na kusan dala miliyan 700 don gyara makarantu. A 2009, zamanin Mick Cornett, aka amince da na uku na dala miliyan 777, wanda ya samar da babban lambun shaƙatawa, jirgin ƙasa na cikin gari, da cibiyoyin motsa jiki na tsofaffi. Zauren wasannin zagayen farko shi ya buɗe ƙofar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Thunder ta tare a birnin a 2008, ta kuma ci kofin ƙasa a 2025. Zaɓaɓɓun magadan gari huɗu a jere, kowa ya ƙarasa abin da ya gada kafin ya ɗora nasa.

Na huɗun, David Holt, ya hau a 2018 da kashi 78 na ƙuri'u. Ɗan Republican ne da ya yi aiki a fadar White House zamanin George W. Bush, ya yi sanatan jiha, kuma ɗan ƙabilar Osage ne, wato ɗan asalin ƙasar na farko da ya riƙe kujerar. Da zai shirya zagaye na huɗu, an yi zaman sauraron jama'a masu tsawo a zauren majalisar birni, kuma abin da ya fito ya sha bamban da na baya. Daga cikin ayyuka 16 na dala miliyan 978, kaso mafi tsoka ya tafi ga buƙatun unguwanni da na marasa galihu: lafiyar ƙwaƙwalwa da masu fama da shaye-shaye, gidaje ga marasa matsuguni, cibiyar taimakon waɗanda ake cin zarafinsu a gida, cibiyoyin matasa, da cibiyar tunawa da gwagwarmayar baƙar fata mai sunan Clara Luper. A Disamba 2019 kusan kashi 72 suka ce sun amince. A jihar da kusan ta fi kowace ra'ayin riƙau, mutane suka ɗora wa kansu haraji don kula da masu kwana a titi.

Holt da kansa ya sha bayyana cewa tsarin zaɓen ne ya ba shi wannan dama: yana neman ƙuri'ar masu sassaucin ra'ayi daga jam'iyyun biyu da waɗanda ba su da jam'iyya, ya haƙura da na can gefe biyu. Haka kuma ba shi da ikon yin gaban kansa. Ƙuri'a ɗaya gare shi a majalisar mutum tara, kuma manajan birni da majalisar ta ɗauka shi ke gudanar da ma'aikata. Duk abin da yake so sai ya shawo kan kansiloli huɗu. A 2025 takwarorinsa suka ba shi shugabancin ƙungiyar magadan gari ta ƙasa.

Ra'ayina a nan shi ne: halin mutum yana da tasiri, amma ƙa'idar wasa ta fi shi. Da Holt zai fuskanci zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa zalla kowace shekara huɗu, da ko ya canza harshe ko a canza shi.

Abin da masu suka ke cewa

Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma hujjojinsu suna da nauyi.

Ta farko, wane ne "kowa" ɗin da aka ce an haɗa? Zaɓen birane ba ya samun fitowar jama'a. Wani bincike na jami'ar Portland State ya gano cewa a goma daga cikin manyan birane 30 na ƙasar, waɗanda suka fito zaɓen magajin gari ba su kai kashi 15 ba, kuma tsofaffi sun ninka matasa nesa ba kusa ba. Haɗin kan da aka gina a kan masu gidan kansu, 'yan kasuwa da dattawa yana iya barin ɗan haya da lebura a waje, alhali ana kiran sa haɗin kan gari.

Ta biyu, harajin sayayya ya fi cizon talaka, domin shi yake kashe duk abin da ya samu a kan kayan masarufi. A Disamba 2023 mutanen birnin Oklahoma, da kusan kashi 71, suka amince a gina wa Thunder sabon zaure na aƙalla dala miliyan 900, alhali masu ƙungiyar, waɗanda attajirai ne, dala miliyan 50 kawai za su sa. Wasu kansiloli sun ƙi, masana tattalin arziki da dama sun ce irin wannan gini ba ya mayar da kuɗinsa. A nan ina tare da masu sukar. Jam'iyyu biyu su yarda da abu bai isa ya mai da shi adalci ba, kuma kalmar "aiki kawai, babu siyasa" tana iya zama hanyar rufe bakin wanda ya tambayi wa zai biya, wa zai amfana.

Ta uku ta fito daga masana kimiyyar siyasa. Wani bincike na 2009 ya nuna jam'iyyar magajin gari ba ta da tasiri sosai a kan girman kasafi ko yawan laifuka. Wani na 2016 kuwa ya gano magadan gari 'yan Democrat sun fi kashe kuɗi. Share titi ba shi da jam'iyya, amma unguwar da za a fara sharewa, inda za a yarda a gina gidaje masu araha, da yadda ɗan sanda zai tunkari matashi baƙar fata, duk siyasa ce.

Inda ƙarfin magajin gari ya tsaya

Birni a Amurka ƙarƙashin jiha yake, kuma jiha tana iya ƙwace masa iko. A 2014 jihar Oklahoma ta yi dokar da ta hana biranenta sanya nasu mafi ƙarancin albashi. Texas ta yi wata mai faɗi a 2023 da ta taƙaita ikon birane a fannoni da yawa.

Sannan wutar sama tana gangarowa ƙasa. Lokacin annobar korona majalisar birnin Oklahoma ta wajabta sa takunkumi a Yulin 2020, alhali gwamnan jihar ya ƙi yin haka. A zaɓen 2022 Holt ya fuskanci masu kai masa hari daga dama da hagu, ƙuri'unsa suka sauko zuwa kusan kashi 60. Ya ci, amma sassauci ya jawo masa asarar kashi 18. A Arizona, John Giles, ɗan Republican da ya mulki birnin Mesa, ya sha tsawatarwar jam'iyyarsa a 2022 saboda ya mara wa ɗan Democrat baya a takarar sanata. A 2025 kuma gwamnatin Trump ta tura dakarun tsaron ƙasa Los Angeles da Washington, magadan gari suka tsinci kansu tsakiyar rikicin da ba su suka haɗa ba. Jaridun gari da a da suke ba da labarin majalisar birni suna ta mutuwa, mai zaɓe ya koma yana auna kansilansa da ma'aunin Trump ko abokan hamayyarsa.

Saboda haka idan an ce magani, ni zan ce irin wanda ke sauke zazzaɓi ne, bai kai ga kashe ƙwayar cutar ba. Shekara 30 na haɗin kai a birnin Oklahoma ba su sauya yadda jihar take zaɓen 'yan majalisar tarayya ba. Amma kada a raina saukar zazzaɓin. Ga mai kwana a titi da ya samu ɗaki, ko matar da ta samu inda za ta kai kuka idan an doke ta, wannan shi ne gwamnati gaba ɗaya. Kuma duk ranar da ɗan Republican da ɗan Democrat suka zauna a kwamiti ɗaya suna duba takardun kwangila, zai yi wa kowannensu wuya ya ci gaba da yarda cewa ɗayan shaiɗani ne.

Ina ya shafe mu?

Zaɓen ƙananan hukumomi ba tare da jam'iyya ba ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Najeriya ta yi shi a 1976, ta sake yi a 1987 zamanin Janar Babangida. A Ghana har gobe 'yan majalisar gunduma ba sa tsayawa da tutar jam'iyya, ko da yake shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin gundumomin, kuma ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya a Disamba 2019 don shigar da jam'iyyu an janye ta kafin ranar.

Abin da ke akwai yanzu a Najeriya shi ne kishiyar abin da ya sa tsarin Oklahoma ya yi aiki. Ɗan takara ba ya iya tsayawa sai da jam'iyya, kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke gudanar da zaɓen. A Oktoban 2024 NNPP ta lashe duka ƙananan hukumomi 44 na Kano, APC ta lashe duka 23 na Kaduna. Ciyaman ɗin da ya san gidan gwamnati ne ya ba shi kujera, can zai riƙa kallo, ba wajen mai shagon da kwata ta cika masa ƙofa ba. Birnin Kano da kewaye ma an raba shi tsakanin ƙananan hukumomi takwas, babu kujera guda ta zaɓe da za a tuhuma kan shara ko ambaliyar birnin baki ɗaya.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kada a bai wa kantomomin riƙo. Wannan ya taɓa batun kuɗi. Batun wanda ke zaɓen ciyaman kuwa yana nan yadda yake, kuma shi ne ake ta muhawara a kai: a bar zaɓen a hannun hukumomin jihohi, a miƙa wa INEC, ko a kafa wata hukuma daban. Ko wanne aka zaɓa sai an gyara kundin tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 sun amince, waɗanda yawancinsu ba sa tsallake maganar gwamnoninsu.